KAFIN KA ƊAGA HILUX ƊIN MAIGIDANKA, TSAYA KA KARANTA WANNAN

'Yan uwana 'yan ci-rani, musamman direbobi masu aikin daji a nan Saudiyya, masu kai wa raƙuma da tumaki ruwa da sha'ir, da masu aikin gona.  

A cikin makon nan mutum uku sun yi mini tambaya iri ɗaya. Sun ga motar da nake ja ta ɗan tashi sama, suna so in gaya musu wane irin kaya aka sa mata, nawa ne, kuma a ina ake sawa. Ɗaya ma ya ce ya riga ya gama ciniki da mai gareji, ranar Asabar zai kai motar. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya amfana. Ku yi haƙuri, zai yi tsawo. Ni ba bakanike ba ne, karatuna allo ne da firamare. Amma shekarata 7 ina jan a-kori-kura tsakanin Hafar al-Batin da dajin Summan, kuma abin da zan faɗa muku da kuɗina da kafaɗata na saye shi.

Motar maigidana Hilux ce ƙirar 2012, mai ƙofa biyu, wadda Larabawa ke ce wa gamara, mai dabal. Aikina shi ne in cika tankin ruwa mai lita 1000, in ɗora buhun sha'ir 6, in kai izba, wato rugar raƙuma, inda wani bawan Allah Basudane yake kiwo. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa izba ya kai kilomita 60, wani wuri gargada, wani wuri dutse, wani wuri rairayi.

Da tafiya ta yi tafiya sai bayan motar ya zauna. In na yi lodi sai ka ga hancinta ya kalli sama, ƙasanta yana gugar dutse. Na gaya wa maigida ya fi sau biyar, kullum amsar ita ce "bukra in sha Allah". Ku da kuke nan kun san wannan bukra ɗin. Ga shi kuma in lokacin sanyi ya yi, samarin Larabawa suna shigowa daji da motocinsu dogaye, manyan tayoyi, sai ka ji taka ta zama abin kunya. Ba zan ɓoye muku ba, har da wannan a zuciyata.

Rannan a sana'iyya wani mai gareji ya ce zai ɗaga mini ita inci 3 gaba da baya a kan riyal 700, aikin awa biyu. Na ce wannan ai ba sai na jira bukra ba. Na ciro daga albashina na biya, ban gaya wa maigida ba, a tunanina in ya gani zai yaba. Motar ta fito ta yi kyau wallahi. Har hoto na ɗauka na tura gida.

Bayan wata biyu sai alamu suka fara. In na karya kwana sai in ji ƙwas-ƙwas a gaba. Na ga giris ya fantsama a cikin tayar gaba. Sitiyari ya fara yawo, tayoyin gaba suna cinyewa ta gefe ɗaya. In na tashi da lodi sai bayan motar ya yi wata girgiza. Duk na gani, duk na ce ba komai.

Cikin watan Yuli, bayan la'asar, na sauke rabin ruwan a wata izba, na nufi tamu da sauran rabin. Ina bin gefen wani tudu sai na ji ƙara a baya kamar an harba bindiga. Ashe ƙusoshin da suka ɗaure aksul da sifirin sun daɗe da kwancewa, ƙaramar ƙusar tsakiya ta guntule, aksul ya goce ta gefe ɗaya. Motar ta karkace, ruwan da ke tanki ya kwaso gaba ɗaya ya bugi gefen gangara, sai ga mu a kwance. Ta taga na fito, kafaɗata ta goce, ruwa yana ta tsiyaya cikin ƙasa ina kallo. Babu sabis a waya. Jarka ɗaya mai lita 20 da nake ajiyewa a gaba, ita ce Allah Ya sa ta zama sanadin rayuwata. Ban bar motar ba, na zauna a inuwarta, a nan na kwana. Basudanen nan da ya ga har dare ban iso ba, shi ya hau tudu ya nemi sabis ya kira ɗan maigida, da safe suka same ni. Allah Ya saka masa da alheri.

Maigida bai zage ni ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Wa ya ba ka izini?" Na rasa ta cewa. Inshorar motar irin wadda ke biyan wanda ka buga ce kawai, ba ta gyara taka. Aka riƙa cire mini riyal 500 duk wata har wata 8, cikin albashin 1500. A shekarar na yi wa mahaifiyata alkawarin rufa mata ɗaki da kwano kafin damina. Damina ta zo ta wuce ɗakin yana yoyo. Har yau ban gaya mata dalili ba. Hausawa suka ce araha ba ta ado, ni kam na ga fassararsa.

To, a wajen gyaran ne Allah Ya haɗa ni da wani dattijo ɗan Pakistan, mu'allim, wanda ya tsufa a kan gyaran ƙafar mota. Kwana 9 ina zaune a garejinsa da hannu a rataye, yana aiki yana nuna mini. Abu uku ya fara gaya mini, kuma in ba ku riƙe komai a rubutun nan ba, ku riƙe su.

Na ɗaya, ɗaga mota ba ya ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya. Ya ce in yi lissafi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan tankina kilo 1000 ne. Buhu 6 mai kilo 50, kilo 300. Ga nauyin tankin kansa, ga ni. Na haura 1300, alhali Hilux abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba, har da direba. Ashe motar ba gajarta ke damunta ba, lodi ne ya kashe mata sifirin.

Na biyu, ɗaga mota ba ya ɗaga aksul. Ka leƙa ƙarƙashin motarka ta baya, za ka ga wani ƙullutu kamar tulu a tsakiyar aksul, wanda a nan ake ce wa difrans. Shi ne ya fi kusa da ƙasa, shi ke fara taɓa dutse. Ko ka ɗaga mota inci 6, wannan tulun yana nan inda yake. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Abin da ɗagawa ke taimaka wa shi ne cikin motar, da hancinta, da wutsiyarta wajen hawa da sauka.

Na uku, duk abin da ka ƙara na tsawo, ka ƙara wa mota saurin kifewa. Mai ɗauke da tulu a ka ya fi mai rungume da shi saurin faɗuwa. Balle ruwa rabin tanki, wanda ke gudu daga gefe zuwa gefe.

Yanzu ga kayan ɗagawar, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na gan su.

Na farko, sifesa da bulo. Shi ne wanda na sa. Sifesa zobe ne na ƙarfe ko na roba mai tauri da ake ɗorawa a saman shokozoba na gaba, bulo kuma guntun ƙarfe ne da ake cusawa tsakanin aksul da sifirin na baya. Shi ya fi araha, shi ya fi saurin sawa. Amma sifirin ɗinka da shokozobanka tsofaffin nan ne dai, ba abin da ya canza, an dai yi wa gajiyayye dogon takalmi. Bulo mai tsawo yana sa aksul ya riƙa murɗa sifirin in ka ba da wuta da lodi, shi ne girgizar da nake ji. Sifesa mai kauri kuma yana tura hannuwan gaba ƙasa har boljoyin ya kai ƙarshen iyakarsa. In motarka ta cikin gari ce, ba lodi, kana so ka ɗan daidaita gabanta da inci ɗaya, to ba laifi. Mai lodi a daji kuwa, ina roƙonka don Allah ka bar shi.

Na biyu, dogon shakul, wato ƙarfen da ke riƙe wutsiyar sifirin na baya. Shi ma araha ne. Amma ka sani, rabin tsawon da ka ƙara masa shi kake samu a mota: ka ƙara inci 2, mota ta tashi wajen inci ɗaya. Shi ma ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi, in ya yi tsawo da yawa ma sai bayan motar ya riƙa lilo.

Na uku, ƙarin falle a sifirin. Ana kwance sifirin na baya a ƙara masa falle ɗaya ko biyu. Wannan kam ya fi na baya ma'ana ga mai lodi, domin yana taimaka wa mota ta daina zama, kuma kuɗinsa matsakaici ne. In sifirin ɗinka da sauran ransa, wannan zai iya isarka. Amma in ya riga ya miƙe ya zama kamar faranti, ko akwai fallen da ya tsage, to sabon fallen shi kaɗai zai ɗauki wahalar, ba zai daɗe ba. Kuma a ƙara da sababbin ƙusoshin ɗauri, kada a mayar da tsofaffi.

Na huɗu, cikakken saiti: sabon sifirin mai naɗi na gaba, sabon sifirin na baya, shokozoba huɗu da aka yi su daidai da tsawon, da bushin, da shakul, da ƙusoshi. Wannan shi ne na gaskiya, kuma shi ne mai tsada. Sunayen da za ku fi ji su ne Old Man Emu na kamfanin ARB, da Ironman 4x4, da Dobinsons, da Tough Dog, duka na Ostareliya ne, ƙasar da su ma suke fama da doguwar gargada da zafi. Akwai Bilstein na Jamus, akwai Fox da King na Amurka, waɗanda masu gudu a rairayi suka fi so. Amma ba sunan ne abin dubawa na farko ba. Kowane saiti yana da aji: akwai na mota mara kaya, akwai na matsakaicin kaya, akwai na wadda kullum tana ɗauke da kilo ɗari uku, ko ɗari shida. In ka sa mai nauyi a motar da kullum fanko take yawo, za ta riƙa tsalle kamar akuya, bayanka zai gaya maka. In ka sa mara nauyi ka ɗora tanki, wata kaɗan ta sake zama.

Akwai kuma masu ɗaga bodi kawai daga kan shasi da wasu robobi. Wannan don taya babba ta samu wuri ne, ba ruwansa da lodi, ba ruwansa da gargada. Ba namu ba ne.

Maganar shokozoba, wanda a nan ake ce wa musa'adat. Shi ba ya ɗaukar kaya, aikinsa ya hana mota rawa. Mai ne a cikinsa, kuma a doguwar gargada man yana zafi har ya yi kumfa, sai ka ji mota ta koma kamar kwalekwale. Shi ya sa mai kaurin jiki, mai ɗaukar mai da yawa, ya fi jure zafinmu. Masu ƙaramin tanki a gefe sun fi kowanne jure zafi, amma tsadarsu ta yi yawa kuma suna son a riƙa yi musu sabis. Mai kai wa raƙuma ruwa ba ya bukatarsu.

Sai tsawo. Mu'allim ya ce a Hilux kada in wuce inci 2, wajen santimita 5. Dalili, Hilux daga 2005 zuwa yau kowace tayar gaba da hannuwanta take, kuma sandar da ke kai mata wuta, wadda ake ce wa ukus, tana da gaɓa a cikin roba. In ka ɗaga da yawa sai sandar ta karkace, robar ta yage, giris ya fita, rairayi ya shiga. Shi ne ƙwas-ƙwas ɗin da nake ji. Wanda zai wuce inci 2 sai ya canza hannuwan sama, wani lokaci har a sauke difrans na gaba, kuɗi kan kuɗi. Land Cruiser a-kori-kura kuwa, wadda ake kira shas, aksul ɗinta na gaba sanda ɗaya ce, ba ta da wannan matsalar, amma ita ma in an ɗaga ta sai an gyara kwanciyar aksul ɗin, in ba haka ba sitiyari zai riƙa yawo. Kayan Hilux daban, na shas daban, kuma kowace shekara da nata. Ka je da lambar shasi, kada ka saya da ido.

Taya ma ga lissafinta. In ka tashi daga 265/65 R17 ka koma 265/70 R17, abin da tulun aksul zai tashi bai wuce milimita 13 ba, kaurin ɗan yatsa. Amma mota za ta ƙara shan mai, ƙarfin tashi zai ragu, kuma allurar gudu za ta riƙa nuna ƙasa da yadda take nunawa da: inda ka saba ganin 120, yanzu ka ƙara wajen 4 a kai ba ka sani ba. Kyamarar Sahir kuwa ba ta san ka canza taya ba, kuma kun san wa ake cire wa tarar. A rairayi, rage iskar taya ya fi duk wani ɗagawa amfani, in dai za ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta.

In an gama sawa, aiki bai ƙare ba. A yi mizan, wato saitin ƙafa, ran nan ran nan. A ɗaga motar a jak a duba tiyon birki, kada ya zama yana ɗamewa in taya ta sauka. Motocin da ba su da ABS da yawa suna da wani ɗan bawul a baya mai auna lodi yana raba ƙarfin birki. In ka ɗaga baya ba a gyara shi ba, sai ya ɗauka motar fanko ce ya rage birkin baya, kai kuwa kana ɗauke da tan guda. A saita fitila kada ka makantar da mutane. Sannan bayan kilomita 500 ka koma a sake ɗaure ƙusoshin aksul. Wannan kaɗai da na yi, da wataƙila ban kwana a daji ba.

Mu abin da muka yi a ƙarshe: mu'allim ya sa na kai motar sikeli sau biyu, fanko da kuma da lodi, muka kawo wa maigida takardar. Da ya ga lamba da idonsa, a ranar ya yarda. Aka sa cikakken saiti na inci 2 mai sifirin masu nauyi, da kuɗinsa, da sunansa a rasit. Aka cire dogon tankin aka sa mai lita 600, mai faɗi, gajere, wanda nake cika shi taf don kada ruwa ya yi gudu. Sha'ir kuma sawunsa daban. Ko da sababbin sifirin ban ƙara lodi ba, domin aksul da birki da taya da shasi suna nan yadda kamfani ya yi su. Shekara uku ke nan, ban da bushin ba abin da muka canza.

Saura magana mafi muhimmanci gare mu baƙi. Motar nan ba taka ba ce. Sunan kafili ne a istimara, amma in abu ya faru kai ne a sitiyari. Dokar murur ta hana a canza ƙirar mota ba tare da bin ƙa'ida ba, kuma akwai fahas, wanda sai mota ta ci shi ake sabunta istimara. Saboda haka kada ka taɓa ko noti ɗaya sai da izinin mai mota, kuma izinin ya zama a rubuce ko a murya a WhatsApp, ka ajiye. Kada ka sa kuɗinka a motar wani. In ya ƙi gyarawa, ka ɗauki hoton yadda ta zauna ka tura masa, ka rage lodi, ka yi sawu biyu. Gara ya yi maka faɗan mai da a cire maka albashin wata 8. A ajiye tsofaffin kayan da aka cire, ko za a bukaci mayar da su.

Masu niyyar sayen Hilux su tura gida don haya ko aikin gona, ku ma ga taku. Ku tambayi kanku, in wannan shokozoba mai tsada ya fashe a ƙauye, bakaniken garinku zai samu irinsa? Na asali ana samunsa a kusan kowace babbar kasuwar kayan mota. Sau da yawa sabon sifirin na asali da ƙarin falle ɗaya ya fi maka kayan da in sun lalace sai an aiko daga waje.

Ɗan uwana mai kai mota ranar Asabar, na san kana karantawa. Kafin ka je, ka hau sikeli, ka kira maigidanka, sannan ka tambayi mai garejin tambaya ɗaya: wannan kayan na kilo nawa ne? In ya ce maka "kullu tamam" bai faɗi lamba ba, ka ja motarka ka tafi. Mun baro iyaye da mata da 'ya'ya ne don mu koma musu da abin hannu, kuma mu koma da ƙafafunmu.

Na rufa wa tsohuwa ɗakinta a shekarar da ta biyo, alhamdu lillahi. Wanda yake da ƙarin sani, musamman 'yan uwa bakanikai, ya gyara mini inda na yi kuskure. Wanda ya san direban daji, ya tura masa. Kuma duk inda za ku, kada ku rabu da jarkar ruwa a gaban mota.

Allah Ya tsare mu a hanya, Ya ba mu halal mai albarka, Ya mayar da mu gida lafiya. Amin.